Kowa Hannuna Ya Duba

Na tashi a Zangon Kumasi, kuma a shekarun da ake ta hayaniyar neman 'yancin kai ina saurayi mai kunya, wanda ba ya iya ɗaga ido gaban manya. Shan inna ya shanye mini hannun dama tun ina rarrafe, amma ƙafafuna lafiya lau, har ƙwallo nake bugawa. Da na gama makaranta sai sana'ar da zan yi ta zama abin muhawara a gidanmu. Kowa da tasa shawarar, ni kuwa ina zaune kamar ba da ni ake ba.

A bakin layinmu akwai wani tsohon tela mai keken ɗinki na ƙafa. Nakan zauna wurinsa ina kallo, har wata rana ya ce in hau in taka. Ƙafata ta juya keke, hannun hagu ya bi da ƙyalle, ɗinki ya fita a miƙe. Tsohon ya yi dariya, ya ce in sanar da babana yana neman ɗan koyo, zai jira ni har Babbar Sallah. Na dawo gida da murna, sai na tarar an riga an yanke shawara, kawuna ya ce mai hannu ɗaya ciniki ya dace da shi. Na haɗiye maganata.

A rumfar goron kawu ban yi wata guda ba. Wata Ba'ashantiya da na miƙa wa canji da hagu ta watsar da shi ƙasa, ta tambaya ko ba ni da uwar da ta yi mini tarbiyya. Mutanenmu ma ɓata fuska suke yi. Malamin unguwa ya ce in zo in koyi rubutun sha, da ya ga da hagu zan riƙa alƙalami sai ya yi salati ya sallame ni. Tsohon hedimastanmu ya ce aikin akawu, yayana ya ce aikin kafinta a Anloga, unguwar masu aikin katako, maƙwabcinmu ya ce dillancin shanu, alhali can ma da dama ake tafawa a ƙulla ciniki. Duk wanda ya yi magana sai in ga kamar shi ke da gaskiya. Kaina ya ɗaure, har na fara zargin ko ɗinkin nan mafarkinsa na yi.

Bayan Sallah na bi ta layin, na hango wani yaro a kan keken. Tsohon ya ɗago ya dube ni, ya ce ya ɗauka babana ne ya hana. Alhali baba bai taɓa jin maganar ba. Wallahi ranar na yi kuka.

Har yau ban san wanda zan ɗora wa laifi ba, don duk cikinsu babu mai nufina da sharri. Sai da furfura ta fara fito mini na sake hawa keken ɗinki, kuma da shi na aurar da 'ya'yana. Iyaye da malamai, in za ku zaɓa wa yaro mai naƙasa sana'a, ku fara tambayarsa abin da ya taɓa gwadawa ya ji daɗinsa. Matasa kuma ku buɗe baki tun da wuri. Mutanen gidanmu duk hannuna suka duba, ni da na san abin da ƙafata ta iya kuma na yi shiru.