Gwaggo Dije da Turken Iyaka

Yau shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifina, ungozomar ƙauyenmu da ke bayan Lafagu, dab da iyakar Benin. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma har yau in na tuna abin da ta yi, sai tsigar jikina ta tashi.

Lokacin da aka sake shata mazaɓu, an turo wani ma'aikaci ya rubuta ƙauyukan da za su shiga sabuwar mazaɓar majalisa. Ya ji muna Dendanci, ya ga babura da lambar ƙetare, sai ya rufe littafinsa, wai mu mutanen Benin ne. Baƙo idanunsa manya, amma ba ya gani. Da ya tafi a haka, ba mu da ƙuri'a, ba mu da wakili, ba mu da wanda za mu kai wa kuka. Mazan gari kuwa sai tafa hannu da salati.

Gwaggo ta kama hannun rigarsa. "Ɗana, taho in gwada maka. Kowa ka gani garin ga, ni na bisne cibiyatai."

Ta ja shi gida gida tana nuna inda ta binne cibiyar kowa, har ta liman, wanda ya sunkuyar da kai don kunya. Daga nan ta kai shi bayan gari, ta sa aka sare wata sarƙaƙiya. Sai ga turken siminti na iyaka, wanda ko mai gari ya manta da shi. Uwarta ce ta nuna mata shi, ta hore ta kada ta binne cibiyar ɗan gari a bayansa, don daga nan ne ƙasar Benin ta fara. Ma'aikacin ya buɗe littafinsa, ya rubuta sunan ƙauyenmu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Yanzu an gina mana ɗakin haihuwa. Da tana nan, na san sai ta tsare malaman jinya da tambayar inda suke kai cibiyoyi. 'Yan siyasar da ke zuwa neman ƙuri'armu kuwa, ko sunanta ba su sani ba, kuma abin yana yi mini ciwo.

Katin zaɓenta ya iso bayan sadakar arba'in, yana nan a akwatina. Duk ranar zaɓe nakan duba layinmu, kusan kowa hannunta ne ya fara taɓa shi a duniya. Allah ya jiƙan Gwaggo. Ba ta taɓa dangwala wa kowa ba, amma da ƙuri'arta muke zaɓe.