Gonar da Aka Ɗauka Don Jama'a

Damina ta biyu bayan samun mulkin kai, malamin gona ya zo Fakku daga Tambuwal a kan keke, yana neman fili a gwada auduga da takin zamani. Maza suka zauna a ƙofar mai gari. Mu mata a lokacin ko ƙuri'a ba mu jefawa, balle a kira mu shawara.

Gonata suka zaɓa, wadda na gada wurin mahaifina. Mijina ya rasu, da geronta nake ciyar da 'ya'ya huɗu. Wana, wanda muke uba ɗaya, shi ya miƙa ta, shi kuma ya zo gaya mini.

"Amfanin gari ne," ya ce. "Mutum ɗari su ji daɗi, ke ɗaya ki daure, ina laifi?"

Na ce, "Yaya, taka ta fi tawa faɗi."

"Ni iyali gare ni."

"Waɗanga huɗu fa, kaji ne?"

Ya yi dariya. "Yaƙi da jahilcin nan ya buɗe miki baki."

Ya dangwala yatsa a takardar ba da gonar a madadina, ni da na iya rubuta sunana.

Akwai abin da ba su sani ba. Gonar tana da kwari inda ruwa ke taruwa. A kusurwar gabas mahaifinmu ya haƙa 'yar magudana, ni nake yashe ta duk shekara, ruwa ya wuce rafi. Wana bai taɓa lura ba, don tun yana saurayi bai son duƙawa a wurin. Ranar gayya na kai musu fura. Ina tsaye garmar shanu ta bi ta kan magudanar, ta cike ta sarai. Malamin gona ya ce, "Inna, kin ga aiki?" Na ce, "Na gani, Malam. Allah ya ba da sa'a."

Tsakiyar damina ruwa ya kwanta kwana tara. Kullum da hantsi nakan je in tsaya a gefe, in ga ganyen audugar yana komawa rawaya. Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. A shekarar mun ci tafasa da rama har yaran suka ƙi kallonsu, ƙaramar ta rame, duk da haka ban buɗe baki ba.

Da kaka malamin ya ce ƙasar ba ta da kyau, a mayar wa mai ita. Wana ya same ni da fartanya ina tone magudanar. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe kin sani?"

"Na sani."

"Don mi ba ki faɗi ba? Wahalar mutum nawa kika bari ta lalace!"

Na ce, "Wa ya tambaye ni, Yaya?"

Na ci gaba da tona. Shekara bakwai bai taka gidana ba, ni ma ban aika a gaishe shi ba.