Cikin da Teta Zdenka ta Ɗauka

Kowace safiya, kafin mai burodi ta buɗe shago, Teta (wato Inna) Zdenka Hribar ta riga ta jingine kekenta a bayan ɗakin gwajin jini na garinmu. Ta zura farar riga, ta buɗe akwatin ɗumi, ta ɗaga 'yan kwalabe ɗaya bayan ɗaya tana haska su. Ƙwayar ciwon Laim ce a ciki, wadda kaska ke zuba wa mutum a daji. Kiwonta take yi. In ta yi yawa a kashe, a ciro sassan jikinta a shafa wa takardar gwaji. Jinin mai ciwon na taɓa takardar, sai layi ya fito.

Akwai takardun da ake kawowa daga waje, amma ba kullum suke gane irin ƙwayar dazukanmu na Sloveniya ba. Tata kuwa daga kaskar bayan gari ta samo ta.

Shekarar ambaliya, Vinko mai saran itace yana kwance, baki a karkace, ƙafa ta ƙi taka ƙasa. Takardar waje ta ce jininsa lafiya lau. Likitarsa ba ta yarda ba, amma ba za a ɗaura masa maganin jijiya mai ƙarfi ba sai da shaida. Ana jiran ƙwayar Teta ta kai girbi, in ba haka ba a rubuta shanyewar jiki a kai shi gidan nakasassu.

Sai kogi ya ɓalle. Ruwa ya cinye ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wurin gwajin, da firjin ajiya, da janareta. Gada ta tafi, wuta ta ɗauke. Akwatin ɗumi ya yi sanyi, muka ce shi ke nan.

Nada mai burodi ce ta fara lura. Ta ga Teta, mace mai jikoki, tana tafiya a hankali, hannu a mara, ciki ya turo riga. Kafin azahar gari ya ɗauka. A coci ta ƙi yarda kowa ya rungume ta. Maza kuwa suka tasa mijinta Lojze gaba, wai tsoho ashe da sauransa, ya saya musu barasa.

Lojze ya koma gida ya tsare ta a kicin, Nada na biye da shi. Teta ta ɗaga rigar sanyi. Kwalaben ƙwayar ne jere a kan cikinta, an toshe bakinsu, an naɗe da auduga, an ɗaure da ɗankwali.

Nada ta jawo kujera ta zauna.

"Tsohuwa," in ji Lojze, "da waɗannan muke kwana a gado ɗaya?"

"Ɗumin jiki suke so, kai kuma ba ka da shi. Matsa, kar ka fasa min aiki."

Haka ta yi ta yawo da su har aka gyara wuta. Rabi sun mutu, rabi sun rayu. Da aka ɗiga jinin Vinko a kan takardarta, layuka suka fito baƙi ƙirin. Nan take likitar ta rubuta maganin.

Teta, ke ce uwar abin da kowa ke gudu. Kin san hukuma za ta tuhume ki kan fita da ƙwayar cuta daga ɗakin gwaji, ta kuma tuhume ki ɗin, kin je kin tsaya kin amsa.

Wannan watan za ki ajiye aiki. Mun gode, Teta, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma matasan da kuka karanta aikin gwajin jini, kujerarta babu kowa, ba wanda ya nema. Kaska kuwa ba ta ritaya. Vinko ya ce duk wanda ya karɓi aikin, shi ya ɗauki nauyin itacen hunturunsa, da ƙafarsa zai kai masa har ƙofa.