Sai-Ta-Kwana da Rikodar Inna

Kowace safiya, kafin ma ya share ƙofar shago, sai ya bi rediyoyi da rikodojin da ke kan kanta yana kunnawa, yana ɗora tafin hannu a kan lasifika kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗanta. Sai-Ta-Kwana ake ce masa, don komai gaggawarka amsarsa ɗaya ce: "Na gyara, amma sai ta kwana tana magana." Mun yi mita har mun gaji. Amma zaga gidajenmu ka gani, abin da ya gyara tun muna rarrafe yana nan yana surutu.

Bana zai ajiye aiki, domin kunnuwan da suka ci da iyali sun yi nauyi. Tela maƙwabcinsa ya ce har ya fara kwashe kaya wata mata ta shigo da tsohuwar rikoda a ɗaure cikin zane.

"Baba, ka taimake ni. Inna ta rikice, ko mu ba ta ganewa. Ba ta cin abinci sai ta kunna kaset ɗin da marigayi Babanmu ya aiko mata daga tafiya. Tun da rikodar ta tsaya ta rufe baki."

"Ba ku sayo sabuwa ba?"

"Mun sayo. Ta ture, wai ba tata ba ce."

Ya buɗe, ya tarar robar da ke juya kaset ta tsinke, irin wadda aka daina yi. Sai ya sauko da tasa rikodar, wadda yake ji da ita tun yana ango, ya cire mata tata robar, ya sa wa ta Inna. Matarsa ya kira ta saurara masa.

"Muryar ta fita?"

"Ta fita tas. Yau kuma sai ta kwana?" in ji ta tana dariya.

"A'a. Mai yunwa na jira."

Kai ne, Baba, ka karya dokarka ranar, ka rungumi rikodar ka bi 'yar Inna har ɗakin tsohuwar. Tsohuwa ta lalubi maɓallin da yatsanta ya saba, ta danna. Kai ba ka ji komai ba, fuskarta kawai kake kallo. Ta gyara ɗankwali, ta yi murmushi, ta ce, "Malam ya dawo. Ku kawo abinci." Tela ya ce a hanyar komawa ka yi ta share ido kana cewa hayaƙin dalma ne.

Mun gode, gwanin gyara. Masu tasowa, ku koyi aikin da zai daɗe a hannun mai shi. Mu kuma da ya gyara mana abin sauraro, mu riƙa leƙa shi, mu zauna kusa, mu ɗaga murya yadda zai ji.