Ranar da Ayari Ya Wuce Kunkuru

Na yi shekara ashirin da wani abu ina jan babbar mota, na ga abubuwa iri-iri a hanya, amma ranar da ayarinmu ya watse tsakanin Ruma da Safana ba ta taɓa barin kaina ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya kuna yawan tambayata me ya sa nake hasala idan aka ɗauko zancen na'urar ƙayyade gudu. To, ga dalilin.

Ga wanda bai sani ba, wata 'yar na'ura ce da ake haɗawa da injin mota, mu direbobi limita muke ce mata. Da zarar allurar maleji ta kai sittin, ko da ƙafa biyu ka hau totur motar ba za ta ƙara ba. Da doka ta ce dole kowace babbar mota ta saka, Alhajin da nake ja wa mota, mutum mai tsoron tara, ya kira makaniki aka saka wa tamu, aka rufe da hatimi. Makanikin ya gargaɗe ni cewa in na yanke wayar, motar ma ba za ta tashi ba. Sauran masu motocin tasharmu kuwa takardar shaida kawai suka nemo suka ajiye a gaban mota, na'ura babu. Haka na wayi gari ni kaɗai ke rarrafe a hanya, abokan aiki suka raɗa wa motata suna Kunkuru.

A shekarun nan ɓarayin daji sun tsananta. Ƙananan motoci sun rage bin hanyar, mutanen ƙauye sun koma hawa saman lodinmu. Saboda haka shugaban tasha ya kafa tsari: ba mai tashi shi kaɗai, sai a ayari, kuma sai rana ta ɗaga. Ƙa'idar ayari ɗaya ce, wadda muka gada tun daga iyayen gidanmu: motar da ta fi rashin gudu ita ce a gaba, kuma ba mai wuce ta, don kada a bar kowa a baya shi kaɗai cikin daji. Tun da aka saka mini limita, kullum ni ne a gaba.

Wanda ya fi kowa tsokanata a kan haka shi ne Sani Dogo. Tare muka koyi tuƙi, ni na raka shi neman aure. Kullum da safe sai ya buga bodin motata ya ce, "Audu, a tayar da Kunkuru, mu gani ko za mu kai kahin azahar."

Ranar, tsakiyar damina ce, an kwana ana ruwa. Mu uku muka tashi daga Batsari da buhunan gero da gyaɗa na mutanen Karare: ni a gaba, Sani na bi na, sai wani direba na uku da ba zan kama sunansa ba. Tun a tasha ake raɗe-raɗin an ga ɓarayi sun ƙetara da shanu wajen Ruma, don haka kowa zuciyarsa a tsaye take.

Mun wuce Ruma kaɗan sai babura uku suka fito daga wata 'yar hanya ta cikin gonaki, kowane da goyo. Na gan su ta madubi. Na danna totur har ƙasa, allura ta kai sittin ta kafe. Sani ya fara danna mini oda ba ƙaƙƙautawa, mutanen da ke saman lodina suna salati. Na fito da hannu ina yi masa alamar ya tsaya a layinsa. Sai ga shi ya fito gefena, ya leƙo yana ihu, "Audu, ka yi haƙuri! Ba ni mutuwa saboda Kunkuru!" Ya wuce. Na ukun ma ya bi shi. Suka bar ni da mutum goma sha wani abu a sama, da mata da tsofaffi.

Wallahi ban taɓa jin takaici irin na lokacin ba. Na zagi limita, na zagi wanda ya ƙirƙiro ta, na zagi Sani. Baburan suka cim mini, suka wuce, suka ɗaga mini hannu. Ashe manoma ne, da fartanyu a kafaɗa, za su noma.

Ban yi nisa ba, a wata kwana, na hango motar Sani kwance a gefen hanya, tayoyi suna kallon gabas. Ruwan dare ya cinye rabin wani kwalbati. Ni da nake tafiya a hankali na ga ramin tun daga nesa, na taka birki na tsaya lafiya. Shi da ya shigo da gudun tsoro bai samu wannan damar ba. Direba na ukun ya raɓa ta gefe ya yi gaba abinsa, wai ya zaci kwanton ɓauna ne. Har yau ba na gaisawa da shi.

Fasinjojin Sani sun zube cikin taɓon gona, Allah ya taƙaita, karaya ce da ƙujewa. Shi kuwa ƙarfe ya yanke masa cinya, jini kamar an kwance famfo. Manoman nan da muka guje wa, su da wasu Fulani masu kiwo a kusa, su suka taya ni zaro shi. Wani dattijo ya kwance rawaninsa muka ɗaure ƙafar. Muka kwantar da shi a gaban motata, kansa a kan cinyar dattijon, na nufi asibiti a Safana.

Nan ne na san baƙin ciki. Hanya ta miƙe, ba rami, ba kowa, motar da na san tana iya ninka wannan tafiyar, amma allura ta tsaya a sittin tana kallona. Sani ya buɗe ido ya ce, "Audu, taka ta mana."

Na ce, "Na taka har ƙasa, Dogo. Iyakarta ke nan."

Ya yi ɗan murmushi. "Mi ya kai ni wuce ka? Da na tsaya bayanka." Daga nan sai kalmar shahada, dattijon yana maimaita masa. Wajen mararrabar Babban Duhu na ji dattijon ya ce, "Direba, sassauta. Ya riga mu." Ban sassauta ba. Na ci gaba da danne totur har ƙofar asibiti, ƙafata ta ƙi ɗagawa.

Bayan sadakar uku Alhaji ya kira ni. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce, "Ka gani ko, Malam Audu? Ba don na'urar nan ba, da kai ma kana cikin ramin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, haka ne. Ita ta tsayar da ni a bakin kwalbati. Ita kuma ta riƙe ni Sani na zubar da jini a gefena. Wanne za ka ƙirga mini?" Na tashi na fita.

Ban san ko da mun isa da wuri zai rayu ba, sanin wannan sai Allah. Abin da na sani, ban ƙi limita ba, gudu yana kisa, na gani da idona. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a zauna a ofis a ɗaure ƙafar direba, a bar masa kwalbati a cinye da ɓarayi a daji, sannan a saka wa mota ɗaya a bar goma da takarda. In za a saka, a saka wa kowa, a gyara hanyar da za mu bi, a tsare ta. Kuma mu kanmu direbobi da laifinmu: limita ba ta kashe Sani ba sai da ya karya ƙa'idar ayari.

Yanzu na ajiye sitiyari, ni ke jera muku motoci da safe. Shi ya sa kuke ganin ina bin ku ɗaya bayan ɗaya ina cewa kada wanda ya wuce na gaba, kuna dariya wai tsoho ya cika mita. Ku yi ta dariyarku. Ni ne na kai wa matar Sani takalmansa.