Gadon Sanda

Baba Cornelius bai taɓa kallon wasan da yake yanke wa hukunci ba. Kujerarsa ta roba kullum bango take fuskanta, ya ba teburan sinuka baya, ya ɗan sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi, mu kuma muna ta buge-bugenmu a bayansa. In baƙo ya shigo sai ya ɗauka tsohon fushi yake da wani. Mu da muka san shi mun san aiki yake yi.

Mutumin wajen Billiri ne, ya shigo Gombe yana saurayi, ya zauna a Herwagana, bai ƙara tashi ba. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana gyaran injin niƙa da janareta, kuma ko a lokacin ba ya kwance inji sai ya sa an tayar da shi ya saurara tukuna. Da yanar ido ta rufe masa na hagu, na daman ma ya fara ganin hazo, ya ajiye kayan aiki. Matarsa Mama Theresa ta ce zaman gidansa ya kusa haukata su su biyun, shi ya sa ba ta ce uffan ba da ya fara zuwa tsohon siton audugar da muke wasa a ciki duk ranar Asabar.

Gasarmu ta unguwanni ce, ƙungiya takwas, kowace da mutum huɗu. Teloli ne da masu gyaran waya da malaman firamare da 'yan Keke, babu wanda yake cin abinci da sinuka. Don kada gwanaye su riƙa danne kowa, kowane ɗan wasa yana da lamba daga biyu zuwa bakwai. Lambarka ita ce yawan wasannin da sai ka ci kafin a ce ka doke abokin karawarka. In mai bakwai ya haɗu da mai biyu, sai ya ci bakwai kafin wancan ya ci biyu. Kuma in aka tara lambobin ƙungiya ba za su wuce goma sha takwas ba. A takarda adalci ne tsantsa. A zahiri kuwa, kowa so yake a raina shi, don haka sai ka ga ƙato da gemu yana zubar da ƙwallo a bakin rami da gangan, yana dafe kai wai abin ya ba shi haushi. Wannan shi muke kira ɓoye hannu.

Baba Cornelius ne ya kashe wannan kasuwar, don shi yake yanke wa kowa lamba da kunnensa kawai. Ya ce wanda ya kuskure da gaske, sandarsa tana yin kokwanto kafin ta taɓa ƙwallo, wanda kuwa ya kuskure da gangan, bugunsa tas yake fita, ƙwallon ce kawai take tafiya inda aka aike ta. Ni kaina, Mu'azzam na ƙungiyar unguwar Malam Inna, ya taɓa kama ni. Na zubar da uku a jere ina ta tsaki, sai ya ce da bango, ba da ni ba, a rubuta wa mai tsakin nan biyar, in ya ƙara tsaki a mai da ita shida. Dariyar da aka yi mini ranar har yau ban gama hucewa ba. Shekara goma sha ɗaya yana kan kujerar nan, Musulmi da Kirista ba wanda ya taɓa cewa ya karkata.

Mutum ɗaya ne bai taɓa wahalar da kunnensa ba, Friday mai fenti na ƙungiyar Herwagana. Ya taɓa faɗowa daga tsani, gwiwar hannunsa ta dama ta ɗoru a karkace, don haka in zai buga sandar takan ɗan ja a kan yatsunsa, ta yi wani ƙiii siriri kamar ashanar da ta ƙi kamawa. Shekara tara yana lamba biyu, ko sau ɗaya bai motsa ba. In ya ci sa'a ƙwallo ta faɗa rami, sai ya saki wata dariya ta hanci kamar shi ma abin ya ba shi mamaki. 'Yan ƙungiyarsu suna ji da shi, don biyunsa ce take ba su damar ɗaukar mai shida ɗaya da masu biyar biyu, lissafi ya tsaya cif a sha takwas.

Bara, cikin zafin watan Maris, Herwagana ta kai wasan kusa da na ƙarshe a karon farko. Cikin satin nan Friday ya kwanta da zazzaɓi, kwana huɗu ya cika. Mun je jana'izarsa mu duka, har da waɗanda ba su taɓa taka ƙofar coci ba.

Akwai wata doka da Baba Cornelius da kansa ya kawo shekarun baya, muna ce mata gadon sanda. In ɗan wasa ya rasu ana tsakiyar gasa, ba a korar ƙungiyarsa. Wani ɗan gidansu ne zai ɗauki sandarsa ya tsaya a gurbinsa da lambarsa, sai fa in Baba ya saurare shi ya ji akasin haka. Doka ce ta tausayi, kuma ba wanda ya yi tunanin akwai ranar da magajin zai zama Fredrick.

Fredrick ƙanen Friday ne, aski yake yi a Jos. Na gan shi da idona wata Kirsimeti da ya zo hutu, ya share tebur sau uku a jere, abokin wasansa bai ko tashi daga benci ba. Da akwai lamba takwas, tasa ce. Bamanga, kyaftin ɗinmu, ya ce mu kwantar da hankali, ai Baba zai ji.

Aka sa gwajin ƙarfe uku na rana. Ba wuta, fankoki a tsaye, hasken rana yana zubowa ta hujojin kwano. Fredrick ya ɗauki sandar yayansa, ya shafa mata alli, ya sunkuya da wannan isar ta gwanaye. Sai muka ji ƙiii, farar ƙwallo ta tafi tana tangaɗi, ta wuce wadda ya nufa. Baba Cornelius ya ɗago kai a hankali. Ban taɓa ganin ƙeyar mutum ta tsorata ba sai ranar.

"Wa ke bugawa?"

Aka ce masa Fredrick ne. Ya ce a sake. Aka sake, aka kuma sakewa har sau biyar. Bamanga ya ce sandar ce ta lanƙwashe, ya mirgina ta a kan tebur, ga ta nan miƙe sambal. Ya miƙa wa Fredrick tasa sandar, ƙarar ba ta sauya ba. Sannan tsohon ya ce, "Biyu."

Siton ya kaure. Ni na fi kowa ɗaga murya, kuma abin da na faɗa ina jin kunyarsa har gobe. Na ce yau dai kunnen ya bi hanyar coci. Bai juyo ba. Sunan da ya gina shekara goma sha ɗaya, cikin minti biyar muka tattake shi, kafin magariba labari ya kai Pantami da Jekadafari cewa Baba Cornelius ya sayar da gasa saboda 'yan unguwarsu.

Asabar da ta biyo baya Herwagana ta kara da ƙungiyar Bolari. Na zauna kusa da tebur musamman don in kama Fredrick yana ɓoye hannu, don ni ma na san sana'ar. Abin da na gani bai yi kama da ita ba. Mai ɓoye hannu jikinsa a sake yake, shi kuwa wannan gumi ne yake ɗiga daga haɓarsa, yana kallon gwiwar hannunsa kamar ta wani ce aka ara masa. Tsayuwarsa ma ta sauya, ya karkata kafaɗa irin ta mai gudun ciwo. Da ƙyar da jan ciki ya ci wasa biyun da ake nema a gare shi. Da baƙar ƙwallo ta faɗa, dariyar hanci ta kuɓuce masa, irin ta Friday sak, ya yi maza ya toshe bakinsa da hannun hagu. Wasu suka ce kai, yaron nan ya iya kwaikwayo. Ni dai tsigar jikina ta tashi, na fita waje na tsaya cikin rana ko zan ji ɗumi.

Mu ma mun ci namu wasan, wasan ƙarshe ya zama tsakanin Malam Inna da Herwagana. Bamanga ya rubuta takardar ƙorafi, ƙungiya shida suka sa hannu, ana neman a sake gwaji a gaban kowa, in ba haka ba a sauke Baba daga kujera. Ni aka aika in kai masa gida ranar Alhamis da la'asar.

Na tarar da shi a gindin darbejiyar tsakar gida, Fredrick yana zaune a ƙasa kusa da ƙafarsa. Mama Theresa ta ba ni kujera da ruwa, ko fuska ba ta ɓata mini ba, abin da ya fi zagi ciwo. Fredrick bai damu da zuwana ba. Yana faɗa wa tsohon cewa tun ranar da ya taɓa sandar hannun ya ƙi miƙewa, ya je asibiti an ɗauki hoto ba a ga komai ba, injin aski ma ya kasa riƙewa, ga mata da 'ya'ya biyu a Jos.

"Baba, ka ɗaga mini lamba," in ji shi. "In dai sunana yana kan biyun nan yayana ba zai sake ni ba. Ba ni nake buga wasan nan ba, kai ma ka sani."

"Ɗana, ni ba na ba da lamba. Abin da na ji nake faɗa."

"To ka ji ni nan, ina roƙonka."

Can tsohon ya ce, kamar da kansa yake magana, wasa ɗaya ne ya rage wa bawan Allahn nan, guda ɗaya tak, bayan shekara tara. Na ajiye takardar a kan gwiwarsa na tashi, don na kasa karanta masa ita. Ya tambaye ni ko ta sake gwaji ce, na ce e. Ya ce to, Allah ya kai mu Asabar.

Ranar siton ya cika har bakin ƙofa. Kowa ya san abin da ke ƙasa. In Baba ya ce biyu, za a buga wasan ƙarshe, amma an gama da shi da kujerarsa. In ya ce bakwai, lissafin Herwagana ya haura ashirin, rajista kuma ta rufe, kofi ya zama namu ba a buga ba. Fredrick ya sunkuya, hannun a karkace. Wurin ya yi tsit har ana jin motsin ƙadangare a kan kwano. Ƙiii. Kowa ya ji ta. Ƙwallon ta bugi gefen rami ta dawo.

Baba Cornelius bai ce a sake ba. Ya riƙe hannuwan kujerarsa gam, ya ce, "Bakwai."

Fredrick ya tsaya cak. Sai ya kwantar da sandar a kan tebur a hankali, ya ɗan shafa ta da tafin hannu, ya ja baya. Ina kallo hannunsa na dama ya sauka ya miƙe a gefensa. Ya ɗaga shi, ya lanƙwasa, ya sake miƙewa, sannan ya durƙushe a wurin yana kuka kamar ƙaramin yaro. Mutane suka ɗauka baƙin cikin asirinsa da ya tonu ne. Aka ɓarke da tafi. Bamanga ya zagaya ya kama hannun tsohon da hannu biyu, yana cewa mun san gaskiyarka za ta dawo, ka yafe mana. Aka miƙa mana kofi, muka ɗauki hoto. Ni ne a gefen hagu, wanda ba ya dariya.

Bai ƙara zuwa siton ba. An aika masa sau uku ya ce kunnen ya tsufa. Yanzu kwamitin mutum biyar ne yake ba da lamba, da biro da gardama, ɓoye hannu kuma ya dawo har ya fi da. Fredrick ya koma Jos yana askinsa lafiya lau, an ce ko hanyar da ake sinuka ba ya bi.

Bayan damina ta sauka na je na ba Baba haƙuri kan maganar cocin nan. Ya ce ya manta, ko da yake na san bai manta ba. Muka yi ta hirar duniya, farashin masara da ramukan titin unguwarsu. Da zan tafi na kasa daurewa, na tambaye shi me ya ji ranar.

"Biyu na ji," ya ce. "Kai ma biyu ka ji."

Ban musa ba.

"Duk siton nan mutum ɗaya ne bai taɓa yi mini ƙarya ba, Friday, shi kuma na yi wa. Ya zo har bakin wasan ƙarshe na kore shi a gaban jama'a." Ya goge idon nan mai hazo da bayan hannu. "Na zaci zai yi gardama, Mu'azzam. Da ya yi, da na samu sauƙi. Ina ji ya ajiye sandar ya fita, don ya ɗauka in ni na faɗa to gaskiya ne."

Mama Theresa ta leƙo daga madafa ta ce abinci ya sauka. Ya ce mata ta rufe masa nasa, ba ya jin yunwa tukuna.