Layun Inna a Hoton Ƙirji

Ɗana na fari bai cika shekara ba tari ya kama masa ƙirji ya ƙi saki. Ya tafi, ya dawo, zazzaɓi na biye. Majo, shugaban ɗakin shan maganinmu a Dungas, ya gaji da ba mu siro, ruwan maganin tari, ya tura mu Magariya a ɗauki hoton ƙirjin.

Inna, mahaifiyata, ta ce ƙafata ƙafarta. Jikan nan maigidanta take ce masa, kuma a ganinta maigida ba ya shiga asibiti hannu rabbana. Kafin mu fita ta rataya masa layu har ya ƙara nauyi.

Mai ɗaukar hoto ya ce a cire komai. Na cire abin da idona ya gani. Inna ta goya shi ta kwantar da kanta, tana ta kallon rufi kamar ba ta taɓa jin labarin laya ba.

Da lokotoro, wato likita, ya ɗaga hoton ya haska a taga, sai da ya gyara tabarau. Ga zobe fari fat, ga guntun ƙarfe a gefensa. Ya tambaya yana dariya ko maƙera yaron ya haɗiye. Ashe Inna ce ta manna masa su a gadon baya da filasta. Kunya ta kama ni, na fara masifa, ita ko a jikinta.

Sai dariyar lokotoro ta tsaya. Ya ɗora yatsa kan wata baƙar da'ira a huhun dama.

"Inna, wannan fa?"

"Shi ma nawa ne," in ji ta, ko ƙiftawa babu.

Aka tuɓe yaron tas, aka sake ɗauka. Zobe ya tafi, ƙarfe ya tafi, da'irar tana nan.

Lokotoro ya ce wata jakar iska ce a huhu, mai yiwuwa da ita aka haife shi, ita ke tara ciwo. Iri-iri ce: wata babba guda, wata ƙanana barjat, wata har da jijiyar jininta daban. Sai sikana, na'urar da ke leƙa cikin jiki, a Damagaram za ta nuna wacce ce, sannan a san ko za a yi aiki. Na nemi benci na zauna.

Inna ba ta saurare shi ba. Ta kifa yaron a cinyarta tana laluba hammata, bayan kunne, matsematsi.

"Na ce muku nawa ne," ta ce a hankali. "Ku dakata in nemo shi."